Dalilin da ya sa na kai iyalina tsibirin Gore

Mu mutanen Matamai ruwan da muka sani shi ne na korama da tabki, don Nijar ba ta da teku. Shi ya sa na tara kuɗin rake na shekara uku, na kai mai ɗakina da yara tsibirin Gore, a ƙasar Senegal.

Daga tashar Dakar, minti 20 ne cikin jirgin ruwa. Tsawon tsibirin bai kai kilomita 1 ba, kuma mota ba ta yawo cikinsa. Yara suna wasa bisa rairayi, uwarsu hankali kwance. Autana ya ɗanɗana ruwan, ya ce: "Baba, wa ya zuba gishiri?"

Amma babban dalili shi ne Gidan Bayi. Abin da suka karanta a lakwal, sai ga shi: ɗakuna masu duhu, da ƙofa mai duban teku. Tun 1978 UNESCO ta sa Gore cikin kayan tarihin duniya.

Wasu sun ce da saniya na saya. Gaskiya tafiyar da tsada, kar kowa ya taɓa hatsin rumbunsa dominta. Amma wanda Allah ya hore wa, ya kai yaransa. Gani ya kori ji.