Abin da ɗigon jini ke faɗa wa likita

Ƙannena 'yan sakandare, kun san fararen ƙwayoyin jini tun daga darasin bayoloji. A jikin mai lafiya sukan kama daga 4,000 zuwa 11,000 a kowace maikurolita, wato ɗan jinin da ko ɗigo bai kai ba. Ni da nake karanta kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, wannan ƙirgen ya daɗe yana ɗaukar hankalina.

Idan sankarar jini mai saurin yaɗuwa, wadda likitoci ke kira ALL, ta kama yaro, abu biyu ake fara dubawa: shekarunsa da yawan ƙwayoyin nan. Ɗan shekara 1 zuwa 9 da ƙirgensa bai kai 50,000 ba ya fi damar warkewa. Wanda nasa ya kai haka kuwa, sai a ƙara masa ƙarfin magani.

Gwajin da ya fi burge ni, sai an yi kamar wata guda ana magani ake yinsa. Ana laluben ragowar ƙwayoyin cutar a ɓargo. Ko ɗaya cikin 10,000 aka tarar, alama ce cutar na iya dawowa. Madubin likita ba ya hango wannan, sai na'ura mai tsada, wadda ba kowane asibitinmu ke da ita ba. Inda babu ita, dole likita ya dogara da ƙirgen farko da abin da idonsa ya gani.