Baƙon da Ba Ya Sallama

Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba a banza aka gina zaure ba. A nan baƙo kan tsaya ya yi sallama, a amsa masa, a aiki yaro ya sanar da maigida. Ko an ba shi izinin wucewa, akwai ƙofar gida da shigifa da za su kare masa gani kafin ya kai tsakar gida, domin magina ba su jera ƙofofin a saiti ɗaya. Da laka da azara suka tsara wanda zai ga me, da wanda zai ji me. Mu da aiki ya kawo mu Kudu, muka sami kanmu a benayen haya inda ƙofa ɗaya ke raba falo da matakala, mun daɗe da rasa zaure, sallamar ce kawai ta rage mana. To, ita ma ga alama na'urorin nan masu wayo sun zo karɓarta.

Abin da muke nufi shi ne kayan gida, kamar fitila da makulli da kyamara da na'urar sanyaya ɗaki, waɗanda aka haɗa da intanet, ana sarrafa su da wayar hannu ko da murya. Kamfanin Amazon ya fito da Echo, mai muryar nan da ake kira Alexa, a shekarar 2014, Google ya biyo sahu da nasa a 2016. Mai nazarin adabi ba zai yi mamaki ba, don tun a tatsuniya muka saba da aljanin da ake yi wa magana ya cika aiki. Sai dai ba mu taɓa jin aljanin da ya yi hidima ba tare da sharaɗi ba.

Amfanin a fili yake, kuma a ƙasarmu ya wuce jin daɗi. Mutum yana aji yana iya duba wayarsa ya ga nawa ya rage a batirin sola, ya kashe injin jan ruwa kafin tanki ya yi ambaliya, ya ga wanda ke buga ƙofa cikin dare ba tare da ya leƙa ba. Mafi girma a wurinmu ita ce 'yar na'urar da ke jin gubar hayaƙi ta yi ƙara, ta kuma aika saƙo. Sau nawa muka ji labarin iyalin da suka kwanta da janareto a kunne cikin gida, gari ya waye babu mai motsi? Abin da zai tashe su daga wannan barci bai cancanci a yi masa dariya ba.

Ina sharaɗin yake? Na'urar da za ta amsa kira dole ta kasa kunne tun kafin a kira ta, kuma abin da ta ɗauka bayan an kira ta yakan tafi rumbun kamfani a wata ƙasa. A shekarar 2019 ya bayyana cewa akwai ma'aikatan Amazon da aikinsu shi ne sauraren wasu daga cikin muryoyin da Alexa ta naɗa, wai don a gyara jinta. A 2023 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 25 bisa zargin hukumomin Amurka cewa ya riƙe muryoyin yara fiye da yadda doka ta yarda. A wannan shekarar kuma Ring, kamfanin kyamarar da Amazon ya saya a 2018, ya amince da biyan dala miliyan 5.8; cikin zargin har da cewa a 2017 wani ma'aikacinsa ya shafe watanni yana kallon mata a ɗakunan kwanansu da makewayinsu. Wato kyamarar da aka saya don maganin ɓarawo ita ta shigo da ƙato har ƙuryar ɗaki, wurin da ko ƙanin miji ba ya takawa.

Amma Amurka nesa ce, kuma abin da ya fi damun mu ya fi kusa. Kowace irin wannan na'ura tana da uban ɗaki guda, wato mai riƙe da wayar. Shi ke gani, sauran mutanen gida ana ganin su. Maigida yana ofis yana ƙirga sau nawa matarsa ta buɗe ƙofa. Uwargida tana kasuwa tana kallon 'yar aiki tana cin abinci. Ba wanda ya tambayi waɗanda ake kallo ko sun yarda. A da, hatta maigida kan yi gyaran murya kafin ya shiga gidansa, ya ba iyali damar kimtsawa. Wannan 'yar kunya ita ce kyamara ba ta da ita, kuma muna tsoron tana koya wa mai ita rashinta.

Mun san wani abokin aiki da ya sa wa mahaifiyarsa kyamara a tsakar gida can Arewa, bayan ta taɓa faɗuwa ba kowa kusa. Niyyarsa kyakkyawa ce, kuma tsohuwa ba ta ce masa kome ba, ta sa albarka. Sai dai kullum bayan la'asar, lokacin da ƙawayenta ke zuwa hira, hoto yakan ɗauke ƙaf. Idan ya buga waya, sai ta ce ai sabis ɗin garin ne haka. Da ya je hutun Sallah ya tarar da ƙusa sabuwa a bango, daidai saman kyamarar, da tsohon ɗankwali rataye a jikinta.