Ranar da Na Bar Gadin Kula Na Shiga Kwale-kwale

Bari in fara da tambayarki: idan an fita shan iska da iyali, ina ake samunki? Ni dai a gindin bishiya ake samuna, ina gadin kula da takalman yara. Ni zan tashi tun asuba in girka, ni zan raba, ni zan tattara kwanuka. Idan an dawo gida kowa yana ba da labarin abin da ya gani, ni kuwa sai ciwon baya.

A hutun bazarar da ta wuce muka taso daga Kano muka je gida Haɗeja. Kin san zafin watan Afrilu a can, ko ƙarfe goma ba ta yi ba kin jiƙe da gumi. Yayana ne ya kawo shawarar mu fita fadama mu wuni a bakin ruwa, da iyalinsa da namu da na wata ƙawata da muka yi makaranta tare. Da aka ƙirga, mu goma sha tara ne.

Tun dare muka raba aiki. Matar Yaya ta ɗauki dambun shinkafa da zogale, ƙawata ta yi zoɓo da kunun aya, ni kuma na daka yaji na soya mai da albasa. Kifi kuwa Yaya ya ce kada wadda ta saya a kasuwa, abin kunya ne ɗan Haɗeja ya tafi bakin kogi da kifi a leda.

Muka ɗauki hanyar Kirikasamma muka sauka a wani ƙauye na masunta, muka shimfiɗa tabarmi a inuwar tsamiya. Ɗana na fari ya yi mamakin ganin ruwa haka alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Yaya ya bayyana masa cewa daga jihar Kano ruwan yake tahowa, ana sako shi daga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa ta 1992. Daga nan ya ratsa fadamun Haɗeja da Nguru, ya haɗu da wasu koguna su nufi Tafkin Chadi. Yaron ya ce, "Ashe tare muka taho da shi." Kowa ya yi dariya.

Masunta suka kawo mana karfasa da tarwaɗa, wasu ma suna motsi. Nan muka kafa murhu da duwatsu uku. Ba zan ɓoye miki ba, kifin da ya fito daga ruwa ya faɗa kasko ba ɗaya yake da na firiza ba. Muka zuba dambu a manyan faranti, maza nasu, mata namu, yara nasu. 'Ya'yana da a gida sai an yi ta fama kafin su ci zogale, ranar har suɗe hannu suka yi. Muka aika wa gidan mai kwale-kwale da kwano ɗaya, matarsa ta dawo mana da shi cike da fura da nono.

Bayan sallar azahar aka ce a zo a shiga ruwa. Nan gabana ya faɗi.

Ina shekara tara 'yar ƙanwar mahaifiyata, wadda muke kwana tabarma ɗaya, ta rasu a ruwa. Kwale-kwale ne ya kife da su a hanyar dawowa daga cin kasuwa, an cika shi da mutane da buhuna, ga magariba ta kawo kai. Tun daga ranar Innarmu ta hana mu kusantar kogi, ni ma ban sake ba. Shekara talatin ke nan.

Na koma gindin tsamiya kamar yadda na saba. Sai ga autata mai shekara takwas ta zo ta zauna a jikina. Na ce, "Tashi ki bi 'yan uwanki." Ta ce, "Umma, ai ke ma ba kya shiga. Ruwa cin mutane yake yi." Ban taɓa ba ta wannan labari ba. A fuskata ta karanta. Na gane cewa tsoron da na gada daga Inna har na miƙa mata shi ban sani ba.

Na miƙe na tafi wurin dattijon mai kwale-kwalen. Na ce, "Baba, mutum nawa jirgin nan yake ɗauka ba tare da ya nutsa ba?" Ya ce shida. Yaya ya ce ai yara ba su da nauyi, a zuba goma a rage sawu. Na ce sam, shida ne, ko da za a yi sawu huɗu ni zan biya. Rigunan ruwa uku da ƙawata ta aro su za a riƙa sa wa ƙananan, ana karɓa-karɓa. Ba mai tsayuwa a ciki don ɗaukar hoto, kuma kowa ya fito kafin la'asar ta yi sanyi. Baba ya dube ni ya ce, "Hajiya, da kowa zai yi haka da mun huta da jana'iza."

Na yi bisimilla na shiga, hannun autata cikin nawa. Jirgin ya yi tangal-tangal, na runtse ido ina addu'a. Da na buɗe, muna tsakiyar ruwa, iska mai sanyi tana dukan fuskata. Ga ganyen bado shimfiɗe, ga belbela fari tas a bayan shanun da ke kiwo a gaɓa, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya. Baba ya nuna mana shamuwa ya ce damina ta kusa. Ya ce da da sanyi muka zo da mun ga tsuntsayen da ke tahowa tun daga Turai, su ne suka sa dajin Baturiya ya yi suna a duniya.

Ya kuma nuna mana kachala, ciyawar nan doguwa da ta toshe hanyoyin ruwa. Ya ce inda yake bi da jirgi yana saurayi yanzu ko akuya ba za ta ratsa ba, ta cinye gonaki, ta rage kamun kifi, ga tsuntsayen da ke ɓuya a cikinta su afka wa shinkafa. Ruwan da muka zo yi wa kallon nishaɗi, shi abincin gidansa ne, kuma shi ne ya shiga gidajen jama'a a ambaliyar 2020 da ta 2022.

Autata ta saki hannuna ta tsoma yatsunta a ruwa. Na buɗe baki zan hana ta, sai na yi shiru, na riƙe bayan rigarta kawai.

'Yar uwa, ban ce ki daina tsoro ba. Tsoron nan ne ya sa na ƙirga kawuna na hana lodi. Amma na shekara talatin ina barinsa yana zaunar da ni, alhali aikinsa shi ne ya sa in tashi in tsara. In kin fita da yaranki, ki tambayi mai jirgi, ki kafa sharaɗinki ko da za a ce kin cika fitina. Sannan ki ba wani gadin kular, ke ma ki shiga.

Da muka dawo Kano, malamarsu ta ce su zana abin da suka yi a hutu. Autata ta zana kwale-kwale da mutum shida, ta tsakiya da babban mayafi. Ke fa, wane tsoro ne kika lura 'ya'yanki sun ɗauka daga wurinki? Allah Ya tsare mana su a tudu da ruwa.