Bango na Mai Gida, Zane na Wa?

Na yi furfura ina koyar da falsafar fasaha da doka, kuma tambaya guda ce ta fi ba ni aiki: in mutum ya yi zane a bangon wani, wa ke da zanen? Lauya zai ce na mai bango ne, ya tattara takardunsa ya tafi. Ku yaran da ke shigowa wannan fage, kada ku tsaya inda ya tsaya.

Ku duba shari'ar 5Pointz a unguwar Queens ta birnin New York. Tsohon ginin masana'anta ne, mai shi Jerry Wolkoff ya daɗe da barin masu zane suna aiki a jikinsa da yardarsa. A watan Nuwamban 2013, da ya tashi rushe ginin don ya gina gidajen haya, sai ya sa aka shafe zanen da farin fenti cikin dare. A 2018 alƙali Frederic Block ya ce ya biya masu zane 21 diyyar dala miliyan 6.75 saboda zane 45, bisa wata dokar Amurka ta 1990 mai kare haƙƙin masu fasaha. Abokan aikina suka yi ta murna, ni kuwa na yi jim. Dokar nan ba ta hana lalata zane sai wanda masana suka shaida ya yi suna. Yaron da ke fesa sunansa a ƙarƙashin gada, babu masanin da zai tsaya masa. Tara ce rabonsa, ko gidan yari.

Ga kuma abin da ya faru da mai zanen bango Banksy. A 2013 aka yanke wani zanensa daga bangon shago a Wood Green, arewacin Landan, aka kai shi gwanjo a Miami. Mutanen unguwa suka fito zanga-zanga suna cewa a maido musu kayansu. Ba su da takardar mallakar bangon, ba su biya ko sisi ba, amma sun tabbata an yi musu sata. Wannan jin nasu shi na fi so ɗalibaina su bincika, don doka ba ta tanadi gurbin mai wucewa ba, alhali idonsa ne ke cin bangon safe da yamma.

Mu ma nan, ai gadojinmu cike suke da fastocin 'yan siyasa a kakar zaɓe, ba kasafai ake kiran wannan ɓarna ba. Mai kuɗi ya liƙa fuskarsa, talaka ya rubuta kokensa da gawayi, ɗaya ne kawai ake bi da sanda.

Shi ya sa ba na karɓar kundin ɗalibi sai ya je ya zauna da masu zanen, da mai bangon, da ma'aikacin da ake turawa ya shafe. Shi na ƙarshen nan ya fi kowa sanin wane bango ake tura shi, wanne ake cewa ya bari.