Ga masu keke a cikinmu: wane gwaji ne ke faɗin gaskiyar ƙarfin ƙafa?

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, keke ya dawo da darajarsa a wajen ɗalibai. Ni a Doma nake zaune, ina digiri na biyu a Jami'ar Tarayya ta Lafia, kuma kwana uku a mako da keke nake shiga gari. Kuɗin mota ne ya fara ɗora ni a kai, daga baya abin ya zama motsa jiki na gaske. Da yawanku kun tambaye ni batun FTP ɗin da manhajojin tuƙa keke a ɗaki ke nunawa, shi ne na ce bari in amsa gaba ɗaya.

FTP shi ne ƙarfin da ƙafarka za ta iya riƙewa a kan feda na kusan awa guda ba tare da ka sare ba, ana auna shi da wat. Andrew Coggan da Hunter Allen ne suka yaɗa shi a littafinsu na 2006. Manhaja kamar Zwift ko MyWhoosh da wannan lamba take tsara maka kowane atisaye. In lambar ta yi sama da ƙarfinka, ranar da aka ce ta sassauci ma wahala za ka sha, ka shiga aji kana gyangyaɗi. Mai rubuta kundin bincike kuwa ba shi da wannan rarar.

Wani babban yayanmu da ya yi karatu a waje ya ara mini na'urar da ake kafa keke a kanta a ɗaki, mai auna wat. Na yi gwaji uku, mako guda tsakanin kowanne.

Na farko gwajin hawa-hawa. A Zwift yana farawa daga wat 100, kowane minti a ƙara 20, har ƙafa ta ƙi juyawa. Sai a ɗauki kashi 75 cikin ɗari na mintinka mafi ƙarfi. Na gama mintin wat 280, ya ba ni 210. Daɗinsa ba ya buƙatar dabara, wahalar ma ta 'yan mintunan ƙarshe ce.

Na biyu na minti takwas sau biyu, da hutu a tsakani, a ɗauki kashi 90. Na riƙe 220, ya ba ni 198.

Na uku na minti ashirin, a ɗauki kashi 95. Wannan kam sai mai haƙuri. Kafin a fara akwai minti biyar na tuƙi mai tsanani don a rage maka zafin ƙafa, sannan kai za ka raba ƙarfinka da kanka. Ka fita da gudu, minti na goma sha biyu zai tona maka asiri. Na riƙe 200, ya ba ni 190.

Ƙafa ɗaya, lamba uku, tazarar wat 20. Dalilin shi ne gwajin hawa-hawa yana ɗauka kowa iri ɗaya ne. Irinmu da muka taso a filin ƙwallo muna da ƙarfin fizga na minti ɗaya ko biyu, shi ke kumbura lambar. Mai dogon numfashi da ba shi da fizga kuwa, gwajin kan rage masa. Da na ɗora 210 a atisayen minti goma sau uku, na uku bai ƙaru ba. Da 190 na gama, washegari na hau titin Lafia lafiya lau. Don haka ni na minti ashirin na riƙe.

Sai abin da ya shafe mu nan. Zafin Maris a ɗaki ba fanka yana tayar da bugun zuciya, wat ya sauka, sai ka auna zafin gari maimakon ƙafarka. Ku yi gwaji bayan Asuba, da fanka mai caji da ruwa a kusa, a lokacin da kuka san wuta ba ta cika ɗaukewa ba. Kada ku yi da azumi a baki, ko kuna fama da zazzaɓi. Mai hawan jini ko ciwon ƙirji ya fara ganin likita.

Na san yawancinmu ba mu da wannan na'ura, tsadarta ta fi ƙarfin aljihun ɗalibi. Akwai hanyar Joe Friel: ka yi tuƙin minti talatin kai kaɗai iya ƙarfinka a shimfiɗaɗɗen titi, ka ɗauki matsakaicin bugun zuciyarka na minti ashirin na ƙarshe. Agogon hannu mai auna bugu ya isa a fara, ko da bai kai madaurin ƙirji daidaito ba.

Ko wanne ka zaɓa, ka tsaya a kansa, ka maimaita bayan mako shida zuwa takwas, a lokaci ɗaya da yanayi ɗaya. Kwatanta lambarka da ta abokin da ya yi wani gwajin daban ɓata lokaci ne.

Mai son gwadawa ya yi mini magana ta akwati, na'urar tana hannuna har ƙarshen zango. Ka zo da kekenka da tawul. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu gama karatu da sakamako mai kyau.