Ƙugiya Kafin Kwalliya

Harafi huɗu ne ke raba ni da yawancin salon rubutun da ke duniya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ni ne mai tsara shafi da afish a ƙungiyarmu, kuma duk salon da ya burge ni, kafin in ce yana da kyau, sai na tambaye shi ko ya san waɗannan huɗun. Da yawa ba su san su ba.

Salon haruffa shi ne abin da ake ce wa police da Faransanci. E, kamar ƴan sanda. Abokaina suna dariya in na ce na kwana ina neman police. Amma aikin ba na dariya ba ne. Ka ga wani rubutu a bangon littafi ko a kwalin shayi, ya shiga ranka, kana so ka sa irinsa a afish ɗin daren wasan kwaikwayo, ga shi ba ka san sunansa ba. Yaya za ka yi?

Ga yadda nake yi. Da farko ina duban ƙafafun haruffan. Wasu suna da ƴan ƙayoyi a ƙarshen kowane layi, kamar Times New Roman. Wasu kuma sumul suke, kamar Arial. Wannan kaɗai ya raba maka nema biyu. Sai in dubi haruffan da ke tona asiri: g, a, R da Q. Ƙaramin g nasa mai ciki ɗaya ne ko mai biyu, kamar tabarau? Wutsiyar Q ta ratsa cikin da'irar ko a waje ta tsaya? Ko Arial da Helvetica, da suke kama kamar Hassan da Husaini, ƙaramin t yana raba su: kan na Arial a karkace aka yanke shi, na Helvetica a miƙe. Daga nan sai in ɗauki hoto da salula, a miƙe, cikin haske, in yanke kalma ɗaya ko biyu in ba WhatTheFont a intanet, ya kawo mani masu kama da shi. In kuwa takardar PDF ce, ba sai ka wahala ba, sunayen suna nan cikin bayanan fayil ɗin.

Wani lokaci ba a samun komai, kuma na san dalili. Allunan shaguna da yawa a Maraɗi da Damagaram, da rubutun bayan manyan motoci, hannun mai fenti ne. Ba su cikin kowace kwamfuta. Waɗannan sai dai ka tsaya ka kalla, ka koya.

To, ka samo sunan, ka sauke salon, kana murna. Nan ne wahalar mai rubutun Hausa ke farawa. Ka rubuta "Maraba da baƙi", sai ƙ ta fito wani ɗan akwati fanko. Ko kuma Word ya aro ta daga wani salon ba tare da ya shaida maka ba, ta tsaya tsakiyar kalma siririya, kamar baƙuwar akuya cikin garken tumaki. Mutane da yawa a nan suke sallamawa. Sai su cire ƙugiyar, su ce ai kowa zai gane. Shi ke nan, an yi maraba da baki. An ce ƙafa, an rubuta kafa. An ce ƙare, an rubuta kare. Babba zai gane daga ma'ana, gaskiya ne. Amma ƙanena da ke koyon karatu fa? Abin da ya gani a bango shi zai ɗauka daidai.

Kuma waɗannan ƙugiyoyi ba daga sama suka faɗo ba. A 1966 masana suka zauna a Bamako ƙarƙashin UNESCO don daidaita rubutun harsuna irin su Hausa, Fulatanci, Zabarmanci da Barbarci. A 1978 aka sake wani zama a nan Yamai kan haruffan harsunan Afirka. A 1999 ma'aikatar ilimi ta ƙasarmu ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa, da ƴ a ciki, alhali ƴan'uwanmu na Nijeriya sun fi rubuta 'y. Mutane sun ci shekaru suna wannan aiki. Ni kuwa in zubar da shi don wani salo mai lanƙwashe-lanƙwashe da na tsinta kyauta? A'a, wallahi.

Shi ya sa nake da gwaji guda da ba na tsallakewa. Kowane sabon salo, sai na rubuta masa Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ Ƴ ƴ. In gwada da kauri, in gwada a karkace, don wani yana da ƙananan amma babu manyan. A Google Fonts ana iya rubuta nasa kalmomin a ga yadda za su fito kafin a sauke. Waɗanda ba su taɓa ba ni kunya ba su ne Charis, Gentium da Andika na ƙungiyar SIL, sai Noto na Google, sai DejaVu. Duka kyauta ne. Andika ma don masu koyon karatu aka zana shi, haruffansa ba su rikita yaro.

Akwai gwaji na biyu, wanda mu masu fotokopi kaɗai muka san zafinsa. Littafinmu ba ya fita daga babbar maɗaba'a. Kofi ne ake yi daga kofi, har ya kai Tawa ya dushe. Salo mai siraran layuka, ƙugiyarsa ce ke fara ɓacewa, ɗ ta koma d tun a kofi na uku. Saboda haka ina buga shafi ɗaya, in yi kofinsa, in yi kofin kofin, sannan in miƙa hannu nesa in duba. In har ina ganin ƙugiyar, salon ya ci. Kuma in za a kai aiki wurin bugawa, a maida shi PDF tukuna, don kwamfutar can wataƙila ba ta da salonka.

Wani abokina ya ce na cika tsanani, afish ai kwalliya ce. Na ce masa kwalliya tana da wurinta. In take ba ya da ƙugiya ko ɗaya, ka sa duk salon da ranka ke so. In yana da ita kuma salon bai san ta ba, ko ka sake salo, ko ka zauna ka zana mata ƙugiyar da hannunka, yadda masu fentin alluna ke yi.

Ƴan'uwa masu tsara takardu a lise da jami'a, ku ajiye waɗannan haruffa takwas cikin salularku. Duk salon da aka turo maku, ku fara liƙa masa su. Minti ɗaya ne, kuma wanda zai karanta aikinku ba zai tsaya yana canke-canke ba.