Sifilin da Na Haɗiye

Duk wanda ya taɓa shirya ɗalibai don jarrabawar kammala sakandare ta WASSCE a Akra ya san pasko, wato tambayoyin shekarun baya da ake tarawa a littafi guda, a ƙara da wasu na gwaji, sannan a jera amsoshi a shafukan ƙarshe. Tsofaffin tambayoyin na hukumar WAEC ne, wadda aka kafa a 1952, hedikwatarta kuma tana nan Akra. Amsoshin kuwa ba nata ba ne. Masu buga littattafai ne ke sa wani ya warware, wani ya buga a kwamfuta, a kai kasuwa. Wannan na san shi sarai tun ina ɗalibi. Amma sanin bai hana ni ɗaukar shafin ƙarshe a matsayin hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa ba, har ya kai ni ga zaluntar yarinyar da ta fi ni gaskiya.

Ina koyar da fiziks da yamma a wani ɗakin makarantar Islamiyya tsakanin Nima da Maamobi. Yaran allo na tashi, sai namu su shigo su gyara bencina. Tun da aka mayar da sakandare kyauta a 2017, 'ya'yan zango da ke ajin kimiyya suka ƙaru, darasin yamma ya samu kasuwa. Kuɗin da ake biyana daga ribar wake da shinkafa, koko da ƙosai, da ɗinki yake fitowa. A farko ba na shiga aji sai na warware kowace tambaya da hannuna. Da aiki ya yi yawa, gajiya ta haɗu da sabo, sai na koma duba aikin yara da shafin ƙarshe kawai: wanda ya dace da littafi ya ci, wanda ya saɓa ya faɗi.

Tambayar da ta tona ni ba ta da wuya. Butar lantarki ce mai ƙarfin wat 2,000, an zuba mata ruwa kilogiram 1.5 mai zafin digiri 30. Tsawon wane lokaci ruwan zai ɗauka kafin ya kai digiri 100, in babu zafin da ya salwanta? Kowane kilogiram na ruwa yana buƙatar jul 4,200 kafin zafinsa ya hau da digiri ɗaya. Ka ninka 1.5 da 4,200 da 70, ka samu jul 441,000. Ka raba da 2,000, ka samu daƙiƙa 220.5, wato minti uku da daƙiƙa arba'in. Littafin ya ce daƙiƙa 22.05.

Akwai wata yarinya 'yar aji uku da ke zama kusa da taga, mahaifiyarta tana sayar da shayi da burodi a bakin titi. Ita ce ta samo 220.5, ni kuma na ja mata jan biro. Ta ɗaga hannu, muryarta ƙasa ƙasa ta ce, “Malam, a gafarce ni, kullum da asuba ni nake dafa wa Mma ruwa a irin wannan butar. Ban taɓa ganin ya tafasa kafin in gama wanke kofuna ba. Daƙiƙa ashirin ko ɗumi bai yi ba.”

Ajin ya yi tsit, ana jiran abin da zan ce. Da na ce ta ba ni minti biyu mu sake bi tare, da magana ta ƙare a nan. Maimakon haka sai na ji zuciyata ta ɗauki zafi. Na ce, “Ke yanzu kin fi masu littafin sani ke nan?” Aka yi dariya. Na ɗauki alli na hau allo, ina lissafi ina leƙen amsar da nake son kaiwa. Da na ga ba za ta fito ba sai an rage wani abu sau goma, sai na rubuta 420 a inda ya kamata a rubuta 4,200, tunda tambayar ba ta kawo adadin ba. Amsa ta fito daidai da littafi. Na kaɗe hannu na ce a kwafa. Kowa ya kwafa, har da ita.

A nan laifina yake, kuma ba kuskuren lissafi ba ne. Mai buga littafi ne ya yi kuskure, ni kuwa ƙarya na yi. Lokacin da nake rubuta 420 na san hannuna ya saba rubuta 4,200. Adadin da na rubuta ma na ƙarafa ne: na jan ƙarfe kusan 390 ne, na baƙin ƙarfe kusan 450. Don kada a ce yarinya ta gyara malam, sai na mayar da ruwa ƙarfe a gaban aji.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bayan wasu makonni wani yaro ya zo mini da takardar gwajin da aka yi musu a makarantarsu. Malaminsu ya zagaye 420 da jan biro, ya rubuta a gefe yana tambayar inda ya samo wannan. Yaron bai zo da rigima ba. Ya zo ne in rubuta masa bayanin da zai kai wa malamin, domin a ganinsa ni ne mai gaskiya. Wannan yarda tasa ta fi zagi ciwo. Na karɓi littattafan sauran na duba, na tarar da 420 zaune daram a cikinsu, wasu har sun ja masa layi don haddacewa. Yarinyar kuwa tun ranar ba ta sake ɗaga hannu ba, ni kuma na ɗauki shirun nata a matsayin ladabi.

A daren na zauna na bi tambayar ta baya. In da gaske ruwan zai tafasa a daƙiƙa 22, to butar tana buƙatar wat 20,000. Wutar gidajenmu a Gana bolt 230 ce, ke nan butar za ta ja amfiya kusan 87. Filogin nan mai ƙafa uku da muke amfani da shi fiyus ɗinsa mafi girma amfiya 13 yake ɗauka. Butar gaskiya mai wat 2,000 amfiya tara ma ba ta cika ja ba. Amsar da na kare da girmana, da za a gwada ta a ɗakin haya na Nima, da fiyus ya ƙone nan take, in kuma an ɗaure shi da waya kamar yadda wasu ke yi, da sai dai a kira 'yan kwana-kwana.

Washegari na tsaya gaban ajin na faɗi abin da na yi ba tare da kwana-kwana ba: littafi ya yi kuskure, 'yar'uwarku ta gano, ni na sani na murɗe lissafi don in rufe bakinta. Na nemi ta yafe mini a gaban waɗanda suka yi mata dariya, na ba ta alli ta gyara allon da kanta. Daga baya na je wurin mahaifiyarta na ce, “Mma, na ɓata wa 'yarki rai a kan gaskiyarta, na zo neman afuwa.” Ta ci gaba da zuba madara a kofi ta ce, “Malam, ai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Sai dai ka ji tsoron Allah da yaran nan, abin da ka faɗa shi suke ɗauka.” An yafe mini, amma an daɗe kafin yarinyar ta sake yin tambaya a ajina. Wannan asarar ban iya mayar da ita da neman afuwa ba.

Na yi ta tunanin abin da ya sa ajin gaba ɗaya ya kwafi abin da ya saɓa wa idonsu, alhali kowannensu ya taɓa dafa ruwa. Abu mai sauƙi shi ne a ɗora wa tarbiyyar zango, a ce mun koya wa yara kada su yi musu da malam. Ban yarda da wannan ba. A masallatanmu, in liman ya tsallake aya a tarawihi, na bayansa ne ke buɗe masa, ko da yaro ne mahaddaci, liman kuma ya karɓa ya ci gaba. Babu mai kiran wannan rashin kunya, domin kowa ya san karatun ya fi mai karatun girma. Yaran nan da wannan tarbiyyar suka zo mini. Ni ne na koya musu cewa a ajin fiziks malam ya fi gaskiya girma.

Tarihin ilimin da nake koyarwa ma bai goyi bayana ba. Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965 ya kuma yi aikinsa a Alƙahira, shi ne ya rubuta Kitabul Manazir a kan haske da gani. Ya kuma rubuta wani littafi sukutum yana jera inda yake shakkar maganganun Baɗlimus, mutumin da malaman taurari suka yi ƙarnoni suna bi. A zamaninmu, cikin Satumbar 2011, masanan gwajin OPERA sun sanar cewa ƙwayoyin nutirino da aka harba daga cibiyar CERN da ke kusa da Janiba zuwa Gran Sasso a Italiya, tafiyar kilomita 730, sun nuna alamar sun fi haske gudu. Su da kansu suka roƙi sauran masana su bincika aikinsu. A 2012 aka gano wata wayar haske ce ba ta ɗauru da kyau ba, suka fito suka faɗa. Ba wanda ya murɗe adadi don ya tsira da mutunci.

Ciwon da ya kama ni ɗan'uwan apo ne, wato tambayoyin da ake cewa sun fita kafin jarrabawa, waɗanda yara ke kwana suna nema a WhatsApp da Telegram. A 2015 sai da WAEC ta soke takardu biyar na jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare saboda sun fita, yara suka sake zama, har da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Mai neman apo da mai bautar shafin ƙarshe jirgi ɗaya ya kwaso su: dukansu amsa suke so ba tare da sanin inda ta fito ba. Haka abin yake a aikin gwaji na hannu. Yaro ya san ƙarfin jan ƙasa ya kamata ya fito kusan 9.8, sai ya bar lilon gwajin yana kaɗawa, ya zauna ya ƙirƙiro alƙaluman da za su kai shi can. Na sha faɗa a kan wannan, ga shi abin da na yi a allo bai bambanta da shi ba ko kaɗan.

Yanzu ba a buɗe bayan littafi a ajina sai amsa ta tsallake tambayoyi uku. Na farko, da wane ma'auni ta fito? In ana neman lokaci ka ƙare da jul, to ka ɓace a hanya. In an ba ka gudun mota kilomita 72 a awa, raba da 3.6 ka samu mita 20 a daƙiƙa kafin ka taɓa komai. Na biyu, hankali zai ɗauka? Motar haya ta turoturo da lissafinka ya ce tana gudun mita 300 a daƙiƙa ta wuce kilomita dubu a awa, gudun jirgin sama ke nan, ba na motar da ke maƙale a cunkoson titin Nima ba. Injin da ingancinsa ya haura ɗari bisa ɗari babu shi a duniya. Lilo mai tsawon mita ɗaya zuwa da dawowarsa daƙiƙa biyu ne, ko kusa da haka. Na uku, in ka mayar da amsar cikin tambayar, tana dawo da abin da aka ba ka? Sai bayan waɗannan ake leƙa shafin ƙarshe. In ya saɓa, mu duka mu sake bi, ni da su, kuma ba a san wanda zai ci gyara ba sai an gama.

Wannan hanyar ta fi biya ko a wurin maki. Fiziks na WASSCE takardu uku ne: na zaɓi, na rubutu da na aikin hannu. A biyun ƙarshe ana ba da maki ga matakan aiki, ba ga amsar ƙarshe kaɗai ba, rahotannin manyan masu duba jarrabawa da WAEC ke fitarwa kuma sukan koka da yaran da ke barin amsa babu ma'auni. Wanda ya haddace adadi irin haddar aku, da an sauya masa lamba ɗaya ya rikice.

Ga 'yan'uwana masu koyar da darasin yamma a Nima, Maamobi, Kotobabi da Sabon Zango, abin da na koya da kunya ina ba ku shi kyauta: kada ku duba aikin yaro a kan tambayar da ba ku warware da hannunku ba, in kuma ɗalibi ya ce amsa ba ta yi kama da abin da ya sani ba, ku ajiye littafin ku saurare shi. Cikin yaran nan wasu za su tafi jami'ar Legon ko ta KNUST, wasu za su zama ma'aikatan jinya, wasu masu haɗa wutar gidaje. Ma'aikaciyar jinyar da ta ga an ƙara sifili a adadin maganin jariri, dole ta iya tsayawa ta ce wa likita wannan bai yi ba, a sake dubawa. Ƙarfin halin faɗin haka a bencinan ajinmu ake samun sa, kuma malami da jumla ɗaya ta izgili yana iya kashe shi.